Yadda Ake Sama wa Zomo Sabon Gida Ba Tare da An Cutar da Shi Ba

Zomon da ake riƙo a gida, idan ya samu kulawa, yana kai shekara 8 zuwa 12 a duniya. Da yawa daga cikin masu ɗauko shi ba su san haka ba. Sun ga ɗan abu mai laushin gashi da dogayen kunnuwa, yaro ya nace, aka saya. Shekara goma kuwa ba kwana goma ba ce. A cikinta ake tashi daga gida, aiki ya kai mutum wani gari, yaron da ya nace ya girma ya tafi makaranta, ko rashin lafiya ta shigo ta cinye lokaci da aljihu. Saboda haka ba abin kunya ba ne mutum ya wayi gari ya ga riƙon ya fi ƙarfinsa. Inda alhaki yake shigowa shi ne yadda aka rabu da dabbar.

A daji zomo abin farauta ne, kuma wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa, don haka halittarsa ce ya ɓoye ciwo. Kare zai yi ta kuka, kyanwa za ta bi ka ɗaki ɗaki har ka lura. Zomo sai ya takure a lungu ya daina ci. Wanda zai karɓe shi daga hannunka ba zai ji komai daga wurin zomon ba. Abin da zai sani kawai shi ne abin da ka gaya masa, kuma abin da zomon zai tarar shi ne abin da ka tsaya ka tabbatar da shi kafin ka miƙa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: tabbatar rabuwar ta zama dole

Ka zauna ka faɗa wa kanka ainihin dalilin, domin da yawa daga cikin dalilan suna da magani. Wanda aka fi ji shi ne, "Da yana ƙarami ba ruwansa, yanzu ya zama mugu." Zomo yana balaga ne tsakanin wata 3 zuwa 6. Daga nan namiji kan fara fesa fitsari a bango da ƙafar mutane, yana hawan duk abin da ya gani. Mace kuma takan fara gurnani da kai cizo idan an sa hannu a kejinta. Wannan balaga ce, ba mugunta ba, kuma aikin da likitan dabbobi ke yi na fiɗiye namiji ko cire wa mace mahaifa yana rage shi sosai cikin 'yan makonni.

Idan ɓarnar cin wayar lantarki da ƙafar kujera ce ta ishe ka, ka sani haƙoransa ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a kowane mako, dole ne ya samu abin gwaguya. A zura wayoyi cikin bututun roba mai kauri ko a ɗage su sama, a ba shi kwali da ciyawa mai yawa. Idan wari ne, zomo yakan zaɓi kusurwa ɗaya ya riƙa fitsari a nan, sai a ajiye masa faranti mai zurfi a wurin, a zuba yagaggiyar takarda da ciyawa a kai, a riƙa kwashewa kullum. Idan kuma atishawa da ƙaiƙayin ido ne suka kama wani a gidan, sau da yawa ƙurar busasshiyar ciyawa ce ke jawo su ba gashin zomon ba, kuma gwajin asibiti zai raba gardama. Wani lokacin ma matsalar ta 'yan watanni ce, tafiya ko jinya, abin da ake buƙata shi ne mai riƙon ƙwarya.

In ka duba duk wannan ka ga babu makawa, to ka fara da wuri. Samun gida nagari yana ɗaukar makonni, wani lokacin watanni. Wanda ya bari sai saura kwana biyu ya tashi, duk wanda ya miƙo hannu shi zai ba.

Abin da ba a yi ko kaɗan

Kada ka kai shi daji ko fili ka sake shi da sunan ka ba shi 'yanci. Zomon gida ya samo asali ne daga zomon dajin Turai, na yankin Sifen da Fotugal, amma ɗaruruwan shekarun kiwo sun sauya shi. Farin gashinsa ko dabbare-dabbaren jikinsa ana hango su daga nesa, bai san inda ruwa yake ba, ba shi da ramin gudu. Kare, shaho, mota, ƙishirwa, ɗaya daga ciki zai same shi, kuma yawanci ba a daɗewa. A ƙasashe da dama yasar da dabbar gida laifi ne a doka.

Inda kuma suka rayu, ƙasar ce ke shan wahala. A 1859 wani mai suna Thomas Austin ya saki zomayen daji a gonarsa da ke jihar Biktoriya ta Ostireliya domin farauta. Cikin 'yan shekaru suka mamaye yanki mai faɗin gaske, suka cinye makiyaya, har a 1950 hukuma ta saki cutar miksomatosis a cikinsu don rage su. Har yau a jihar Kwinsland doka ta hana riƙe zomo a gida don sha'awa. Wannan ma tunatarwa ce: idan mai karɓa yana wata jiha ko wata ƙasa, a duba dokar wurin tukuna.

Mataki na biyu: a kai shi wurin likita

Ka nemi likitan dabbobin da ya saba da zomaye, domin ba kowane mai duba karnuka da kyanwoyi ne ya san su ba. Ya auna nauyinsa, ya leƙa turamen haƙoransa na ciki, waɗanda ido ba ya kaiwa sai da na'ura, ya duba kunnuwa ko akwai ɓawon ƙazwa, ya duba tafin ƙafafun baya ko sun yi gyambo, ya yanke farata. Ya kuma tabbatar maka namiji ne ko mace. Ana yawan kuskure a nan, musamman a kan ƙanana, kuma "mata biyu" da yawa sun wayi gari da 'ya'ya.

A ganina babu alherin da za ka yi wa zomon da ya kai ka sa a yi masa aikin hana haihuwa kafin ya bar hannunka. Zomanya tana ɗaukar ciki na kwana 31 ko kusa da haka, tana iya sake ɗaukar wani a ranar da ta haihu, kuma ba ta da wani takamaiman lokacin ɗaukar ciki, domin barbarar ce da kanta ke sa ta saki ƙwai. Zomaye biyu a hannun wanda bai shirya ba sukan zama garke cikin shekara, sai matsalar da kake gudu ta ninku a gidan wani. Ban da haka, sankarar mahaifa ta yi yawa ƙwarai a matan zomaye da suka haura shekara 3 zuwa 4 ba a cire musu ba. Abu biyu za ka riƙe game da aikin. Ba a hana zomo abinci kafin tiyata kamar yadda ake yi wa kare, domin ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son tsayawa. Na biyu, namijin da aka fiɗiye yana iya yi wa mace ciki har zuwa mako 4 ko 6 bayan aikin, saboda haka a raba su har lokacin ya wuce.

Ka tambayi likitan allurar riga-kafin da ake yi a yankinku. Manyan cututtukan biyu su ne miksomatosis, wadda sauro da ƙuma ke yaɗawa, da cutar zubar jinin zomaye da likitoci ke kira RHD. Sabon nau'inta, RHDV2, an fara ganinsa a Faransa a 2010, ya kuma bazu zuwa nahiyoyi da dama. Ƙwayar cutar tana bin takalmi da tufafi da ciyawa ta shiga gida, kuma takan kashe zomo farat ɗaya ba tare da wata alama ba. Inda ake samun allurar, shekara-shekara ake sabunta ta. Ka karɓi takardun komai a rubuce. Idan an dasa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, sai a sauya sunan mai shi bayan an miƙa.

Idan zomanya ce mai shayarwa, a dakata. Ba a raba 'ya'ya da uwa kafin su cika mako 8.

Mataki na uku: rubuta labarinsa da gaskiya

Ka ɗauki takarda ɗaya ka rubuta duk abin da kai kaɗai ka sani: shekarunsa, nauyinsa, ko an yi masa aiki, ranar allurar ƙarshe, ciwon da ya taɓa yi, sunan abincin kamfanin da yake ci da adadinsa, ganyen da ya saba da su da wanda ke ɓata masa ciki. Sannan halinsa. A nan ne mutane ke sha'awar yin ado, kuma a nan ne adon ke cutarwa. "Zomo mai kyau, yana son yara" ba ta gaya wa kowa komai ba. Kwatanta da wannan: "Ba ya son a ɗaga shi, yana shure-shure. Amma in ka zauna a ƙasa ka yi shiru, zai zo ya tura maka kai ka shafa goshinsa. Yana tsoron ƙarar injin shara. Ya taɓa cizo sau ɗaya da aka sa hannu a ɗakinsa yana ci. Haƙoransa na ciki suna buƙatar likita ya duba duk bayan 'yan watanni." Mai karanta wannan ya san abin da zai shiga. Wanda ya ja da baya saboda cizon ko kuɗin likitan, gara ya ja yanzu da ya ja bayan wata biyu, lokacin da zomon ya riga ya koma hannu na uku.

Ka ɗauki hoto da hasken rana, kana durƙushe daidai tsayinsa, ba daga sama ta cikin wayar keji ba.

Mataki na huɗu: inda za a nema

Ka fara da na kusa, 'yan uwa da abokai da abokan aiki, domin su ne za ka iya bibiya. Sai asibitin dabbobi, inda ma'aikata sukan san wanda zomonsa ɗaya ya mutu yana neman wa na biyun aboki. Irin wannan mutum ya riga ya san aikin, kuma shi ne mafi dacewa da za ka samu. A wasu ƙasashe akwai ƙungiyoyin ceton zomaye, kamar House Rabbit Society da aka kafa a Amurka a 1988, da Rabbit Welfare Association and Fund a Birtaniya, da kuma gidajen ajiye dabbobi na gari. Sau da yawa a cike suke, sai an shiga layi. Ka tambaye su kai tsaye me suke yi da dabbar da ta daɗe ba a ɗauka ba, kuma ko za su tallata maka shi yana nan a hannunka.

Shafukan sada zumunta irin su Facebook suna kawo mutane da sauri, na kirki da waɗanda ba na kirki ba. Kada ka rubuta "kyauta ga mai so". Akwai masu bin irin wannan talla don ciyar da macijin da suke kiwo, akwai masu koya wa karen farauta, akwai masu sayarwa gaba, akwai masu neman nama. Kiwon zomo don nama sana'a ce mai zaman kanta, amma idan kai ka reni naka ne don ya rayu, kana da ikon ka tambaya ƙarara kuma ka ƙi. Sanya ɗan kuɗi a kansa yana korar da yawa daga cikin waɗannan. In ba ka son kuɗin, ka ce wa mai karɓa ya biya shi a asibitin dabbobi don duba zomon na gaba. Kada ka sa adireshin gidanka a tallar.

Mataki na biyar: tantance mai nema

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan kunya take kayar da mutane. Mutum ya zo da fara'a, ya ce yana son dabbobi, sai ka ji nauyin yi masa tambayoyi. Ka yi su. Mai niyyar kirki ba ya jin haushin tambaya, yakan ma riga ka da nasa.

Kada ka yi tambayar da amsarta "e" ce. In ka ce, "Kana da wuri mai faɗi?" kowa zai ce yana da shi. Ka ce, "A ina zai riƙa kwana, kuma ina zai riƙa gudu?" sannan ka yi shiru ka saurara. Ƙaramin kejin da ake sayarwa tare da 'yan zomaye bai isa zama gida ba. Ƙungiyar nan ta Birtaniya tana ba da shawarar fili mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin mita 1 ga zomaye biyu matsakaita, kuma su riƙa samunsa dare da rana, domin zomo ya fi kuzari da asuba da kuma magariba, lokacin da mutane ba su cika tunawa su buɗe masa ba. Ko da ba a kai wannan awon ba, ya zama yana iya tsalle uku a jere, ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya ba tare da kunnuwansa sun taɓa rufi ba, ya kuma kwanta ya miƙe sosai. Daɓen ya zama shafaffe, ba ragar waya ba, domin zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kare, gashi ne kawai, waya kuwa tana cinye shi har ya zama gyambo. Ya samu maɓoya mai ƙofa biyu, ko da kwali ne.

Tambayi batun zafi. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki, kuma da zarar yanayi ya haura digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas yana cikin haɗari. Keji a ƙarƙashin rufin kwano ko inda rana ke faɗowa da azahar yana iya kashe shi cikin sa'o'i. Ina inuwa, ina iska? Idan a waje zai zauna, me zai hana kare ko kyanwa ko maciji isa gare shi, kuma me zai hana shi haƙa ƙasa ya fita? Firgita kaɗai tana iya halaka zomo ko da ba a taɓa shi ba.

Tambayi wa zai kula da shi. Idan amsar ita ce, "Na yarinyata ce, shekararta shida," sai ka ce, "Madalla, amma wane babba ne zai riƙa duba shi safe da yamma?" Yara suna son abin runguma, zomo kuwa a wurinsa ɗagawa sama tana nufin wani abu ya cafke shi. Zai yi shure-shure, yaro ya sake shi, ya faɗi. Ƙasusuwansa marasa nauyi ne, ƙafafun bayansa kuma masu ƙarfi, har yana iya karya ƙashin bayansa da shurin kansa. Gida mai yara yana iya zama gida nagari, muddin nauyin yana kan babba kuma an koya wa yaran su zauna a ƙasa su bar zomon ya zo da kansa.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Waɗanne dabbobi ne a gidan? Idan haya ce, mai gida ya yarda? Wane likita za a kai shi, kuma ana da halin biya in ciwo ya zo ba shiri? Wa zai riƙe shi in an yi tafiya? An taɓa riƙe zomo, kuma me ya faru da shi? Wannan ta ƙarshen tana buɗe abubuwa da yawa. Wanda ya ce nasa ya tsufa ya mutu, har ya faɗi ciwon da ya yi, daban yake da wanda ya ce, "Mun yi guda huɗu, ba sa daɗewa."

Bayan haka ka je ka ga wurin da idonka, gani ya kori ji. In nisa ya hana, a nuna maka ta bidiyo kai tsaye. Ka tafi da wani in ba ka san mutumin ba. Wanda ya ce yau-yau yake so, ko ya ƙi a ga wurin, ko ya ce zai ɗauki ko guda nawa ne ba tare da ya tambayi komai game da su ba, ka ba shi haƙuri.

Abin da dole ne mai karɓa ya sani

Ko da ya ce ya sani, ka maimaita masa, kuma ka sa a cikin takardar. Abincin zomo ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya mai tsabta marar ruɓa, kuma ita ce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na abin da zai ci. Kullum ya samu dami kamar girman jikinsa. Ita ke goge haƙora, ita ke tafiyar da hanji. Sai ganye cikin hannu safe da yamma, sai abincin kamfani kaɗan, kimanin giram 25 ga kowane kilo na nauyinsa. Karas da 'ya'yan itace suna da zaƙi da yawa, ɗan yanki ne lokaci-lokaci. Burodi, biskit, albasa, abokado, cakulan da ganyen dankalin turawa ba sa shiga bakinsa. Ciyawar da injin yanka ya tara ma ba a ba shi, domin tana saurin tsami. Ruwa a kwano mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a sauya kullum.

Ka gaya masa zai ga zomon yana lanƙwasawa yana cin wani irin kashi mai laushi kai tsaye daga jikinsa. Kada ya hana shi. Kashin zomo iri biyu ne: busassun ƙwallaye da yake zubarwa, da mai laushin da ke haɗe kamar curin 'ya'yan inabi, wanda yake sake ci don ya samu sinadaran da hanjinsa ya sarrafa. Idan aka fara ganin mai laushin a zube ko manne a gindinsa, yawanci abincin kamfani ya yi yawa ne, ko ƙiba ta hana shi kaiwa. Gindi mai datti kuwa yana kiran ƙuda, ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana guda ta fara cin naman. Lokacin zafi a riƙa duba ƙarƙashin wutsiya sau biyu a rana.

Babbar ƙa'idar da nake so kowane mai zomo ya haddace ita ce wannan: zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, a kai shi asibiti a ranar, ba a jira gobe. Hanjinsa in ya tsaya, iska ta taru, ciwo ya ƙara hana shi ci, abin ya yi ta zagayawa har ya mutu. Takurewa wuri ɗaya, cizon haƙora da ƙarfi, dalalar miyau, majina, karkacewar kai, numfashi da baki buɗe, duk na gaggawa ne.

Kada a ba shi maganin kare ko na mutum da ka. Maganin ƙuma mai sinadarin fifronil, irin su Frontline, yana kashe zomo. Haka wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta idan aka ba shi ta baki, kamar amoksisilin da kilindamaisin, suna lalata ƙwayoyin hanjinsa masu amfani. Ba a yi masa wanka, ba a ɗaga shi ta kunne, ba a kwantar da shi rigingine. Shirun da yake yi in an kwantar da shi haka sandarewar tsoro ce. In ɗagawa ta zama dole, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallafe gindi, a manna shi a jiki.

Idan su biyu ne

Zomayen da suka shaƙu, suna kwana jiki da jiki suna lasar juna, ba a raba su. Wanda aka raba da abokinsa yakan daina ci. Nema musu gida tare ya fi wuya, amma haka za a yi.

Idan kuma naka ɗaya ne za shi gidan da akwai wani zomon, wannan abin so ne, domin zomo dabbar tarayya ce, sai dai ba a jefa shi cikin kejin na gidan. Faɗan zomaye yana kai ga yaga kunne da ciki. Da farko a ware baƙon na mako 2 don a ga lafiyarsa. Sannan a ajiye su kusa da juna da shinge biyu a tsakani, suna gani suna shinshina ba sa kaiwa ga cizo, ana musanya musu shimfiɗa. Bayan haka a haɗa su na 'yan mintoci a wurin da babu wanda ya saba da shi a cikinsu, mutum yana tsaye da tawul a hannu. 'Yar kora da hawan juna ba komai ba ne. In suka fara zagaye juna da sauri suna cizo, a raba nan take. Namiji da mace waɗanda aka yi wa dukansu aiki su suka fi saurin jituwa, kuma abin yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni.

Ranar tafiya

Ka kai shi da kanka in da hali. A sa shi a akwatin ɗaukar dabba mai ƙarfi, ba kwali ba, domin zai huda kwali ko fitsari ya jiƙa shi ya ɓarke. A shimfiɗa tawul don kada ya riƙa zamewa, a cika da ciyawa, a sa ɗan jiƙaƙƙen ganye a madadin ruwan da zai zube. A yi tafiyar da sanyin safiya ko yamma. Akwatin ya zauna a ƙasan mota ko a ɗaure a kujera, ba a but ba, kuma ba a barinsa a mota a rufe ko na minti biyar. In tafiyar mai nisa ce a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa.

Kayansa su bi shi: kwanonsa, maɓoyarsa, farantin fitsarinsa da ɗan abin da ke ciki ba a wanke ba. Zomo yana goga haɓarsa a kan kaya don ya bar ƙanshinsa, kuma wannan ƙanshin ne zai gaya masa sabon wurin nasa ne. Ka haɗa da abincin da ya saba da shi na aƙalla mako 2, har da ciyawar. Idan mai karɓa yana son sauya abinci, ya yi a hankali cikin mako 2 zuwa 4, yana ƙara sabon yana rage tsohon.

Ku rubuta 'yar yarjejeniya, ko da layi biyar ce, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi: ranar miƙawa, cewa zomon ya zama nasa, cewa ba za a yanka shi ko a sayar ko a sake shi ba, kuma in riƙon ya gagara za a fara sanar da kai kafin a ba wani.

Makon farko da abin da ke biye

A sabon gida a bar shi a wuri ɗaya mai shiru, a buɗe akwatin a bar shi ya fito da kansa. Kwana biyu ko uku na farko ba ɗauka, ba tara baƙi su zo kallo. Zai ɓuya, zai buga ƙafar baya a ƙasa, zai iya watsa kashi ko'ina don ya shata iyakarsa ko da ya saba da faranti. Duk wannan yana wucewa. Abin da za a sa wa ido shi ne ciyawa tana raguwa, kuma ƙwallayen kashi suna fitowa da yawa da girmansu na kullum. In sun ƙanƙance ko sun ragu, hanjin ya fara ja baya, sai a kira likita.

Ka kira washegari, kuma tambayarka ta zama takamaimiya: ya ci ciyawa, ya yi kashi, ya sha ruwa? Ka sake kira bayan mako ɗaya, sannan bayan wata ɗaya, ka roƙi hoto ko ɗan bidiyo. Zomon da ya kwanta ya miƙe ƙafafu baya, ko ya yi tsalle ya murɗa jiki a sama, ya saki jiki da wurin. Daga nan sai ka rage kira, domin yanzu nasu ne. Kejinsa na da da sauran kayan da ba su bi shi ba, ka ajiye su wata ɗaya ko biyu kafin ka rabar, saboda ana iya dawo maka da zomon a wannan tsakanin.